Maƙwabciyata 'yar mahaƙin kwal ce: labarin ƙauyensu na Durham

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru, lafiya lau, hidimar yara ce da sanyin ƙasar nan. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo shi zaure.

Kun san bara muka koma wajen Sunderland. Bangonmu ɗaya da wata tsohuwa Baturiya wadda ta haura shekara 90. Yarana Kaka suke ce mata, ni ma haka na bi. Ranar Lahadi na kai mata miya, na tarar ta ɗora wani tsohon gwangwanin biskit a cinya, cike da takardu. Ta ce in zauna. Ban tashi ba sai da aka kusa magariba. Na roƙe ta in ba ku labarin, ta yarda, amma ban da sunanta da na ƙauyen.

A 1934 aka haife ta, a wani ƙauyen mahaƙa kwal da ke gabashin gundumar Durham, bakin teku. Gidajen jere suke reras, bango ɗaya, duk na kamfanin rami. Gidan na tare da aikin ne, ranar da mutum ya bar rami ranar ya fara neman inda zai kai iyalinsa. Bayan gida yana can ƙarshen tsakar gida, toka ake zubawa a kai. Kowace ƙofa da ɗan allo a jikin bango, maigida ya rubuta da alli ƙarfe nawa za a tashe shi. Akwai mutumin da sana'arsa ke nan, ya bi layi cikin dare da sanda yana ƙwanƙwasa taga.

Babanta ya shiga rami yana ɗan shekara 14. Idan ya dawo, ta ce, idanu da haƙora kawai ake gani. Uwar ta sauke bahon kwano daga ƙusa, ta ajiye gaban murhu, ta juye ruwan zafi, ya durƙusa ya wanke daga kai zuwa ƙugu. Aikin Kaka tun tana ƙarama shi ne ta ɗauki kayan aikinsa ta fita ta yi ta buga su a bango har ƙurar ta fita. Kuma akwai abin da sabulu ba ya wankewa. Duk inda dutse ya yanke shi ƙurar kwal ta shiga, ciwon yakan warke da tabo shuɗi. Hannuwansa da goshinsa duk irin tabon nan ne.

To wannan mutumin, ranar Lahadi, shi ne mai hawa mumbari. Su 'yan cocin Metodis ne, kuma shi mai wa'azi ne na sa kai, ba albashi. Ta nuna min wata takarda da ta yi ja don tsufa, jadawalin wata uku: sunayen ƙauyuka a gefe, ranakun Lahadi a sama, a tsakiya wanda zai yi wa'azi. Yakan taka mil huɗu ko biyar a ƙafa, ko ana dusar ƙanƙara, da kwat ɗinsa ƙwaya ɗaya tak. Ta ce abin da ba ta mantawa shi ne hannun nan mai shuɗin tabo yana buɗe Baibul a hankali, don yatsun sun yi kauri, takardar kuma siririya.

Malam Sule Fagge:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah. Maman Hanif, wai a Ingila ne ake zuba toka a masai? Ai lokacin nan su ke mulkinmu, dalar gyaɗa na tashi a Kano, jirgin ƙasa na kwasa zuwa Legas. To dukiyar ina take zuwa?

Baban Zara, Leeds:
Malam Sule, tana zuwa wajen masu ita. Mai ramin daban, mai shiga ramin daban. A watan Mayun 1926 masu ramuka suka ce za su rage lada su ƙara awoyi. Mahaƙa suka ce ko kwabo ba za a rage ba, ko minti ba za a ƙara ba. Ma'aikatan ƙasar suka shiga yajin aiki don mara musu baya, amma kwana tara kawai aka yi aka janye. Mahaƙan suka ci gaba su kaɗai har zuwa Nuwamba, yunwa ta mayar da su a kan sharuɗɗan da suka ƙi tun farko. Bayan shekara goma, a 1936, mutanen Jarrow, nan kusa da su Maman Hanif, suka taka a ƙafa har Landan, kusan mil 300, suna neman aiki. Cikin wannan zamani Kaka ta buɗe ido.

Baba Audu Tsohon Ma'aikaci:
Maman Hanif 'yata, ki tambayar min ita kuɗin da suka kashe. Na tabbata irin namu ne. Kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida. Mu sai 1973 naira ta zo. Yaran yanzu in ka ce musu "ba ni da ko sisi" faɗa suke yi ba su san abin ba.

Maman Hanif:
Baba, shi ne fa. Su a 1971 suka bari. Akwai ma taro ɗaya a gwangwanin.

Kwamared Isa:
Ni ku gafarce ni, akwai abin da ban gamsu da shi ba. Labarin ya yi daɗi, amma mu duba wa ya ci riba. Mutum ya kwana shida a ƙarƙashin ƙasa yana shaƙar ƙura, rana ɗaya da ta rage masa a ce ya tafi ya rera waƙa ya yi haƙuri, sakamako na lahira. Wannan ai mai rami ne ya fi kowa murna. Ma'aikaci marar shan giya, mai tashi a kan lokaci, marar gardama. Ba addinin kowa nake zagi ba, a ko'ina masu kuɗi sun iya amfani da wa'azin haƙuri.

Anti Rifkatu, Jos:
Kwamared, ina jin ka, amma ka haɗa coci biyu wuri ɗaya. A Ingila akwai cocin gwamnati, Angilika, inda a wancan zamani mai gona da mai rami suke da kujerarsu a gaba. Ƙananan majami'un Metodis kuwa talakawa suka gina da kuɗinsu, su suke riƙe da makulli, su suke lissafin baiko. John Wesley kansa, wanda ya kafa Metodis, a 1739, a fili ya fara wa'azi a Bristol, cikin masu sauraronsa har da mahaƙan Kingswood waɗanda ba mai zuwa wurinsu. Ni ba 'yar Metodis ba ce, a cocin COCIN na nan Filato na tashi, amma waƙoƙin ƙanensa Charles suna cikin waɗanda muke rerawa har gobe.

Baban Zara, Leeds:
Bari in ƙara a kan maganar Anti, don nan ne gizo ke saƙar. Metodis ɗin ma ba ɗaya ba ne a lokacin. Bayan rasuwar Wesley a 1791, shugabannin cocin suka fara son zama da hukuma lafiya. A 1807 wasu talakawa suka yi taron addu'a na yini guda a kan tudun Mow Cop. Shugabanni suka ce ba su yarda da irin wannan taro ba. Aka kori Hugh Bourne, mai gyaran ƙafafun keken doki, daga baya aka kori William Clowes, maginin tukwane. Su ne suka kafa reshen da ya ce zai koma wa Metodis na asali, kuma shi ya kama ƙauyukan kwal na Durham. Har mata suna wa'azi a cikinsu tun farko. Sai 1932 rassan suka sake haɗewa.

Yanzu Kwamared ka duba su wa suka kafa ƙungiyar ƙwadago a yankin. Thomas Hepburn, wanda ya jagoranci yajin mahaƙa na 1831, daga wannan reshen ya fito. Peter Lee, wanda aka sa wa garin Peterlee sunansa a 1948, mahaƙi ne mai wa'azi. Can kudu kuma, a Tolpuddle, 1834, leburorin gona shida aka yanke wa shekara bakwai a Ostareliya saboda sun yi rantsuwar ƙungiya, jagoransu George Loveless mai wa'azin Metodis ne. Dalilin a fili yake. A ina lebura zai koyi karatu da kyau, ya koyi tsayuwa gaban mutum ɗari ya yi magana, ya koyi rubuta bayanin taro da riƙe littafin kuɗi? A majami'a. Wanda ya iya karɓar kwabo kwabo kowane mako daga 'yan ajinsa na coci, ya iya karɓar kuɗin ƙungiya.

Kwamared Isa:
Na karɓi gyara a kan Hepburn da mutanen Tolpuddle, ban san su masu wa'azi ba ne. Amma ka faɗa da bakinka, shugabannin na sama ba su so. Ke nan talakawan ne suka ƙwaci abin suka mayar da shi nasu. A nan ba mu da saɓani. Inda nake nan daram shi ne, waƙa ba ta taɓa tsayar da rufin rami ba. Kuma kada mu manta, a 1949, gwamnatin da waɗannan mahaƙan suka zaɓa ce ke mulki a Landan lokacin da 'yan sanda suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley, Inugu.

Anti Rifkatu, Jos:
Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci. Kakana ya ɗauki kwanon kuza a ka wajen Barikin Ladi lokacin yaƙin Hitila, zamanin da ake kwaso mutane dole, ɗiban gwamna suke ce masa. Ya ce sanyin Filato ya kashe 'yan ƙasar Hausa da yawa da aka kawo ba bargo. Ina karanta labarin bahon nan gaban murhu, shi nake gani.

Ummu Salma:
Tun ɗazu nake bin ku, baba, baba, Hepburn, Loveless. Wa ya ɗora ruwan zafin? Wa ya goge kwat ɗin da aka hau mumbari da shi? Maman Hanif don Allah ki koma ki tambaye ta uwarta.

Maman Hanif:
Ummu Salma, Allah ya saka. Jiya na koma da tambayarki, na karanta mata ita yadda kika rubuta. Ta yi shiru, sannan ta ce a shekarun nan duka ba wanda ya taɓa tambayarta wannan.

Lokacin da yayyenta maza biyu suka shiga rami, maza uku ke nan a gida, kowa da lokacin fitarsa. Ɗaya zai fita ƙarfe uku na dare, ɗaya zai dawo da hantsi, ɗaya da tsakar dare. Kowanne sai an tashi an ba shi abinci, an cika masa gwangwanin guzuri da burodi da jam, an zuba masa ruwa ko shayi mai sanyi a gora. Kowanne in ya dawo sai an dafa ruwa, an ɗauki bahon an zubar, an busar da kaya gaban wuta. Wutar murhun ba ta mutuwa shekara da shekaru. Ta ce uwarta ba ta san barcin dare ɗaya cikakke ba sai daren Asabar. Sauran kwanakin a kujera take gyangyaɗi da kayanta a jiki.

Litinin wanki, a wata ganga ake kirɓa kayan da wani katako kamar taɓarya. Akwai ranar guga, ranar gashin burodi, ranar goge murhu da baƙin mai har ya yi ƙyalli, da wanke dokin ƙofa, don matan layi da dokin ƙofa suke auna mace. Da daddare a lokacin sanyi a shimfiɗa buhu a kan katako, a yayyanka tsofaffin kaya, kowa da ɗan tsinkensa ana cusawa har ya zama darduma. Sabuwar a ɗaki, ta bara a koma da ita kicin.

Abin da ya sa ni hawaye, ta ce ba ta tuna ta taɓa ganin uwarta zaune a tebur tare da su ba. Nama na masu shiga rami ne, sai yara, ita kuma a tsaye take cin abin da ya rage, tana cewa ta riga ta ci. Kafin 1948 ganin likita da kuɗi ne, kuma in akwai wanda za a kai, ba ita ba ce. Ba ta kai shekara 60 ba.

Na ce to cocin fa, me ya ba ta? Ta ce awa ɗaya a mako, taron mata. A nan kaɗai take zama wani ya miƙo mata shayi.

Ummu Salma:
Allah sarki. "Na riga na ci." Wallahi da wannan kalmar Innata ta raine mu.

Malam Sule Fagge:
Ita Kakar da kanta fa, tana yarinya, ta ji daɗin wannan tarbiyya ko dole ce?

Maman Hanif:
Malam, ba ta ɓoye ba, ta ce Lahadi ta fi kowace rana tsawo. Sau uku ake zuwa majami'a: safe, makarantar Lahadi da rana, sannan yamma. Ba wasan ƙwallo, ba tsalle da igiya, ba saƙa, ba ɗinki, ba sayen komai. Takalma tun daren Asabar ake gogewa. Tana jin yaran da iyayensu ba ruwansu da coci suna ihu a bayan layi, ita tana zaune da safa fara. Giya ba ta shiga gidansu, karta da caca haka. Tana 'yar shekara bakwai ta sa hannu a katin alkawarin ba za ta taɓa shan giya ba. Katin na cikin gwangwanin, kuma ta ce har yau ba ta karya ba. A majami'arsu ko a jibin Ubangiji, ibadar da ake raba burodi da ruwan inabi, ruwan inabi marar sa maye ake ba su a 'yan ƙananan kofuna.

Amma ta ce a layinsu kowa ya san gidan da albashi ke isowa cikakke ranar biya da gidan da rabi ke tsayawa a mashaya. Ta ga matan da ke tsayuwa a ƙofar mashaya da goyo suna jiran abin da zai rage.

Ranar da ta fi so ita ce bikin shekara na makarantar Lahadi. A kafa benci hawa hawa gaban mumbari, yara su zauna, kowa ya tashi ya kawo haddarsa. A ranar ce kaɗai take samun sabuwar riga. Kuɗin kuma daga kantin haɗin gwiwa yake fitowa, wanda mahaƙan suke da hannun jari a ciki: duk sayayyar da ka yi ana rubutawa a lambarka, in lokaci ya yi a ba ka rabonka na riba. Ta manta abin da ta ci jiya, amma lambar uwarta ta kantin ta karanto min ita tiryan tiryan. Haddar da ta yi tana 'yar shekara tara ma ta kawo min baiti huɗu.

Ɗan Zongo, Kumasi:
Salamu alaikum. Ni abin ya zo kusa da gida. Firamaren Metodis na yi a nan Kumasi, mu 'yan zongo da yawa, da safe boko da yamma allo. A Gana tun 1835 suka sauka Cape Coast, makarantarsu ta Mfantsipim ita Kofi Annan ya yi. Ban taɓa tunanin daga ina kuɗin farko ya fito ba. Hajiya ko ta yi miki maganar Afirka?

Maman Hanif:
Ta yi, Ɗan Zongo. Akwai ɗan akwatin katako a kan murhunsu, mai tsaga a sama, na aikin mishan. Ita ke bin gidajen 'yan coci ranar Asabar tana karɓar kwabo da rabin kwabo. Ta ce abin da aka nuna musu na Afirka hotuna ne na bukkoki da yara ba riga, ba wanda ya ce musu akwai birane masu ganuwa da malamai masu littattafai. Da na nuna mata hoton Gidan Makama da kasuwar Kurmi ta daɗe tana kallo. Ta ce su da ke tara wa wasu kwabo, takalminta kwali ne a ciki saboda ya huje.

Anti Rifkatu, Jos:
A Najeriya ta Badagry suka shigo, 1842, Thomas Birch Freeman, wanda ubansa baƙar fata ne uwarsa Baturiya. Sun fi ƙarfi a ƙasar Yarbawa da gabas da ƙasar Idoma. Mu nan sama ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM ne suka fi yawa.

Kwamared Isa:
Maman Hanif, tambaya ɗaya. Ranar 1 ga Janairun 1947 da gwamnati ta karɓe ramukan daga hannun kamfanoni, me babanta ya ce?

Maman Hanif:
Tana 'yar shekara 12 ko 13. Ta ce an yi maci da 'yan badujala zuwa bakin rami, an kafa allo mai cewa yanzu ramin na jama'a ne. Babanta ya cire hula ya yi addu'a. Abin da uwarta ta fi murna da shi kuwa ya zo daga baya, lokacin da aka gina wurin wanka a bakin ramin, maza suka fara dawowa gida da tsabtarsu.

Amma Kwamared, maganarka ta rufin rami ita ma ta taɓo ta ba tare da na tambaya ba. Ranar 29 ga Mayun 1951 ramin Easington ya fashe da asuba, daidai lokacin da masu fita da masu shiga suka haɗu a ƙasa. Mutum 83 suka rasu, biyu daga ciki masu aikin ceto. Ba ƙauyensu ba ne amma kusa ne, kuma ba gidan da ba shi da dangi ko suruki a can. Tana da shekara 17. Ta ce abin da ta gani shi ne mata tsaye a bakin ƙofar ramin, ba kuka ba magana, kwana da kwanaki. Lahadin da ta biyo babanta ke da wa'azi. Ya hau, ya buɗe littafin, ya kasa. Yana tsaye yana riƙe da katakon mumbari, sai wata tsohuwa daga baya ta ɗauko waƙa, jama'a suka amsa, suka rera ta har ƙarshe suka sake ɗaukowa. Da aka gama ya sauko. Da asubar Litinin ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi aiki.

Baba Audu Tsohon Ma'aikaci:
Allahu akbar. Neman halal ba wasa ba ne.

Baban Zara, Leeds:
Ramukan duk sun rufe yanzu, Easington ma a 1993. Abin da ya rage shi ne taron mahaƙa na birnin Durham, da aka fara tun 1871, Asabar ta biyu a watan Yuli. Har yanzu kowane ƙauye na fitowa da tutarsa. Maman Hanif ki kai yara su gani.

Maman Hanif:
In sha Allahu. Bari in ba ku na yau. Kaka ta roƙi Baban Hanif ya kai ta ƙauyen, rabonta da shi ya fi shekara goma. Ɗazu muka dawo. Inda ramin yake ciyawa ce kawai da iskar teku. Layinsu an rushe rabi. Majami'ar na nan amma an daina ibada a ciki, wani ya mayar da ita wurin ajiye kaya, an toshe tagogin da katako.

Ba ta nemi shiga ba. Ta ce a tura kekenta zuwa gefen ginin. A ƙasa ƙasa akwai jerin tubala, kowanne da haruffa biyu ko uku a sassaƙe. Ashe lokacin ginin, iyaye kan biya kuɗin tubali ɗaya da sunan kowane yaro. Gansakuka ta rufe su. Ta ce wa Hanif ya ƙirga daga kusurwa, na bakwai. Ya durƙusa ya kankare da makullin mota, haruffan babanta suka fito. Ta sa a matso da ita har ta kai hannu.

Sanyi ya yi yawa, ba mu fi minti goma sha biyar ba. A hanya ta tambaye ni ko uwata na da rai, na ce tana Funtuwa. Ta ce a zaune take cin abinci ko a tsaye? Kafin mu iso gida barci ya ɗauke ta, gwangwanin na cinyarta.

Ummu Salma:
Ki gaishe mana da ita in ta tashi. Ki ce mata mutanen Kano da Jos da Kumasi sun ji labarin mamanta.

Maman Hanif:
Za ta ji. Bari in kira Inna kafin ta kwanta.